Amosanin Kan Inna a Shekarar Fari

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba Inna lafiya bayan mu mun gama ruɗewa. Ina ba da labarin nan ne don har yau ina ganin mata suna yi wa kawunan iyayensu irin abin da muka yi wa nata, in na ce su dakata kuma sai su dube ni kamar na raina ciwon. Ban raina shi ba. Amosani ne kawai, busasshe, irin mai zubowa fari kamar garin gero, amma ya kusa sa tsohuwa ta gudu daga gidana, ya kusa raba ni da sana'ata.

Sunana Rabi. Kitso nake yi a Wadata, cikin Yamai, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, ƙarƙashin wata rumfar zana da maigidana ya kafa mani a bakin ƙofarmu. Shi direban kamyo ne, babbar motar kaya. A shekarar da nake magana damina ta ƙi, hatsi ya bushe yana tsaye, soja ne ke mulki, shi kuma yana cikin masu kai hatsin taimako arewa. Sai ya yi kwanaki ba mu sa shi a ido ba, daga ni sai ɗiyarmu Nana da ke rarrafe. A dawowarsa daga wata tafiya ne ya ratsa ta ƙauyenmu, can ƙasar Tawa, ya ɗauko mahaifiyata.

Da ta sauko daga motar sai da na sake dubawa. Inna da na sani mace ce mai jiki, mai shanu, wadda ba ta rasa nono a ƙwarya. Wadda ta sauko zanenta ya zagaye ta har ya yi saura. Shanun duk sun faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ba ni labarin ba, maigidana ne ya faɗa mani, ita kuwa da na tambaya sai ta ce, "Mai su ya karɓi abinsa," ta miƙa hannu a ba ta jikarta.

Kwanakin farko ban lura da komai ba. Ina dai ganin fari-fari a kafaɗar baƙin zanenta, na ɗauka gari ne, tunda ba ta iya zama haka nan, kullum tana kan tankaɗe ko ɓarar gujiya. Sai wata rana na ga ta ɗauki tsinken kitsona ta cusa ta ƙarƙashin kallabi tana susa, idonta a rufe, haƙoranta a cije.

"Inna, ƙwarƙwata ce?"

"Ni da ƙwarƙwata? Ke dai yi aikinki."

"To bari in gani."

"Ba a gidan suruki ba."

Kunyar maigidana take ji, ko abinci ba ta ci in yana gida, balle ta buɗe kai. Sai da ya sake tafiya sannan ta yarda, shi ma a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Na kwance kallabin, garin ya tashi a hasken taga. Kitson da ke kanta tun na gida ne, ya yi watanni. Tsakanin layukan fatar ta yi fari fat, ta ɗaure, ta tsattsage kamar ƙasan tabkin da ya ƙafe. Na sa farce kaɗan, abin ya zubo mani a cinya, ƙanana-ƙanana, ba maiƙo, ba wari.

Ni mai kitso ce, kawuna nawa suka bi ta hannuna. Na san amosani mai maiƙo, mai ruwan ɗorawa, wanda ke liƙewa a farce. Na san irin wannan fari ma, amma kaɗan-kaɗan nake ganinsa a kan mutane, ban taɓa ganin ya rufe kai duka ba. Na ce a raina datti ne na hanya da daɗewar kitso. Na tsefe, na dafa ruwa ya yi zafi sosai, na kawo sabunin wanki mai ƙarfi na cuɗa kan har sau uku. Da ya bushe ya fito tas, har na yi murna. Washegari da safe fari ya dawo, ya fi na jiya. Na sake wankewa. Haka muka cinye makon farko, kullum wanki, kullum ƙari, Inna na cewa, "Rabi, kaina kamar an ɗaure shi da igiya." Ni kuma in ce sabunin ne ke aiki.

A mako na biyu magana ta fita, don gidan haya ba ya riƙe sirri. Mai gidan, Hajiya Haisa, Bazabarmiya ce mai kirki da yawan magana. Ta leƙo ta duba, ta tafa hannu.

"Jar dawar taimakon nan ce. An ce a ƙasar masu aiko ta dabbobi suke ba. Ki daina yi mata tuwonta."

To in daina in ba ta me? Dawar ce kaɗai a gidan.

Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina da ke aure a Zongo, ta zo gaida Inna, ta duba ita ma.

"Wace dawa? Makero ne wannan. Ki jiƙa kanwa da toka, ki tace, ki matse lemun tsami a ciki. Da shi na kashe na yarana."

Wata maƙwabciya ta ce ruwan pampon Yamai ne, akwai maganin da ake zubawa a ciki, jikin mutanen ƙauye ba ya ɗauka. Wata ta ce a shafa kananzir. Wani dattijo da ke sallah da maigidana ya aiko da rubutu a kwalba, ya ce baƙin cikin dukiya ne ya hau kai, ta sha ta shafa. Kowa in ya yi magana sai in ji kamar shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya zo. Na sayi ruwan gulbi wurin 'yan garuwa maimakon na pampo. Na rage tuwon dawa, wanda ke nufin na rage mata abinci. Rubutun ta sha ta shafa. Kananzir kaɗai na ƙi, don warinsa.

Ranar da muka sa na Gwaggo ba zan manta ba. Inna ta sunkuyar da kai a kan kwano, na zuba ruwan kanwar da lemun. Ba ta yi kuka ba. Na dai ga yatsunta sun shige cikin tabarma har kaba ta tsinke. Gwaggo na tsaye tana cewa, "Yawwa, zafin nan shi ne mutuwarsa." Kwana biyu bayan haka duk inda farce ya taɓa ya zama gyambo. Wasu suka fara ruwa, gashi ya manne a kansu, wani ƙullutu ya fito mata bayan kunne. Farin garin kuwa yana nan, sai ma ya sauko goshi da gefen wuya.

Daga nan abin ya bar kan Inna ya shiga gidan duka.

Wata mata da ta saba zuwa wurina tana zaune ina mata kitso, na kai rabi, sai Inna ta fito shan iska, kallabinta ya zame. Matar ta ƙura mata ido, ta juyo ta dubi mataji a hannuna.

"Da wannan kike taje mata?"

"A'a, nata daban ne."

Gaskiya na faɗa, amma ta miƙe, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. A bakin ƙofa na ji tana ce wa wata, ba ta ko rage murya ba, "Ki kiyaye. Kuturta da fari-fari take farawa."

Inna ta ji. Da azahar da na kawo abinci sai ta ɗauko tsohuwar ƙwaryarta ta gida ta ce in zuba mata a ciki. Ta ware moɗarta ta ɗaura mata tsumma don kar a haɗa. Ta janye tabarmarta zuwa lungun bayan madafa. Nana ta rarrafo wurinta kamar kullum, ta kama gefen zanenta za ta miƙe, Inna ta ɗaga hannuwa sama kamar wadda wuta ta taso wa.

"Ɗauke ta! Rabi, ɗauke ta!"

Yarinyar ta fashe da kuka, ni ma na bi ta. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne ni kaina ban san abin da na yarda da shi ba. Bakina na cewa Inna ba komai ba ne, hannuna kuma na wanke mataji da ruwan zafi sau biyu. Kaina ya fara ƙaiƙayi. Ina zaune sai in ji kamar wani abu na tafiya cikin gashina. Kan Nana kuwa na duba shi ya fi a ƙirga, in buɗe nan in buɗe can, duk ɗan farin da na gani gabana ya faɗi, in na hura sai in ga ƙura ce. Rumfata ta koma wurin kwanciyar awakin maƙwabta. Masu zuwa kitso suka ɗauke ƙafa, a shekarar da kowane kai ɗaya ke nufin miyar yini.

Hajiya Haisa ta kira ni ɗakinta. Ta daɗe tana zagaye-zagaye kafin ta faɗa.

"Rabi, wallahi ba korarku nake ba. Amma masu ɗakuna sun dame ni. Ki kai tsohuwa likita a san abin da ake ciki. In ba komai ba ne, ni da kaina zan rufe bakinsu."

Kai ta likitan ne aikin. A lokacin ana ta raɗe-raɗi cewa soji na kwashe baƙin da yunwa ta koro cikin gari, a zuba su mota a kai su wani sansani bayan gari, ko a mai da su inda suka fito. Ban taɓa gani da idona ba, kuma ba magana ce da ake yi da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Inna ba ta da katin shaida, ba ta jin Zabarmanci balle Faransanci. Ta ce in mutanen asibiti suka ga kanta ba za su bar ta ta dawo ba, can wurin kutare za su kai ta.

"Gara in tahi gida in mutu inda aka san sunana," in ji ta.

Wata safiya na tarar ta ɗaure ƙunshinta ta ajiye ƙarƙashin tabarma. Allah ya sa ran nan maigidana ya dawo. Na faɗa masa komai. Shi da bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya je ya tsuguna bayan zanan madafa, ita tana ciki shi yana waje.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau. An dawo lahiya?"

"Lafiya lau. Inna, ni na ɗauko ki daga gida. Gobe ni zan kai ki likita, ni zan dawo da ke. In sun riƙe ki, sai dai su riƙe mu tare."

Can ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Mun fara da ƙaramin asibitin unguwa. Layin ya fito har titi, kusan duk mata ne da yara a hannu, yaran da wuyansu bai iya riƙe kansu. Kunya ta kama ni. Wata ta tambaye ni me ke damun tsohuwa, na rasa yadda zan ce amosani a gaban ɗanta da ke numfashi da ƙyar, sai na ce ciwon kai. Da muka shiga, ma'aikacin ya leƙa kan daga nesa, ya shafa wani shuɗin magani a gyambunan, ya ce wannan aikin likitan fata ne a babban asibiti, kuma ba kullum yake zama ba. Na tambaye shi ko kuturta ce. Ya ce, "Can za su faɗa maki. Na gaba!" Inna ta dawo gida da shuɗin kai, abin da ya ƙara wa masu leƙe abin faɗa.

Zuwanmu na farko babban asibiti ba mu sami likitan ba, an ce an tura shi wajen gari duba mutane. Kuɗin taksi ya tafi a banza. Zuwa na biyu muka yi sammako. A bakin ƙofa akwai soja da ke tsara layi, fuskarsa ba wasa. Rana ta ɗaga, Inna na tsaye tana tangaɗi, sai na ga sojan ya nufo mu kai tsaye. Ta damƙe hannuna, ta manta ma da cewa ta daina taɓa mutane. Maigidana ya matso gabanta.

"Tsohuwa, taho nan," in ji sojan da Hausarsa ta koyo.

"Ban yi komi ba, ɗana. Gobe-goben nan zan koma."

"Koma ina? Na ce taho ki zauna inuwa, kar ki faɗi."

Ya kori wani saurayi daga benci ya zaunar da ita. Har aka kira mu ba ta daina kallonsa ba, tana jiran lokacin da zai zo da motar.

Likitan mutumin Damagaram ne, da jin Hausarsa. Idanunsa sun yi ja don gajiya, amma bai yi mana tsawa ba. Maigidana ya tsaya waje don Inna ta iya buɗe kai. Kafin ya dubi kan ma sai ya karɓi hannuwanta ya juya su, ya duba ƙafafu, ya duba kunnuwa da gira. Ya ce ta rufe ido, ya ɗauki ɗan auduga yana taɓa ta nan da can.

"Inna, kin ji?"

"Na ji."

"Nan fa?"

"Na ji mana."

Ya ajiye audugar. "Ba kuturta ba ce. Ko kusa. Wa ya faɗa maku haka?"

Ya buɗe gashin a hankali da hannunsa, ba safar hannu, ya kankaro kaɗan ya murza tsakanin yatsu. Ya ce ba makero ba ne, makero zagaye yake yi ya karya gashi. Ya juya ya ce wa ma'aikaciyar da ke rubutu wata kalma da Faransanci, "po sesh," har yau tana kunnena. Na ce mene ne shi, don na ɗauka sunan wata babbar cuta ce. Ya ce, "Busasshiyar fata. Shi ke nan."

Sai ya koma kan Inna. "A gida me kike shafa wa kai?"

"Man shanu. Duk kitso."

"Yaushe rabonki da shi?"

Inna ta dubi ƙasa. "Tun da suka hwaɗi."

"Nono fa?"

Ta girgiza kai. A nan ne, gaban baƙo, na ga hawayen da ba ta yi ba tun zuwanta. Likitan ya bar ta ta gama. Sannan ya tambaye ni da me nake wanke mata. Na fara lissafi, ruwan zafi, sabunin wanki, kullum, kanwa, toka, lemun tsami. Ina faɗa yana dafe goshi.

Abin da ya bayyana mana, yadda na riƙe shi, shi ne fatar kai tana da ɗan maiƙonta da Allah ya yi mata, shi ke hana ta bushewa. Tsufa na rage shi. Yunwa na rage shi. Busasshiyar iskar rani na shanye shi. Ita kuma ta saba taimaka masa da man shanu tun tana yarinya, rana ɗaya abin ya yanke. Ɗan abin da ya rage, ruwan zafi da sabuni mai ƙarfi suka kwashe. Fatar da ta bushe sai ta yi ƙaiƙayi ta riƙa ɓarewa, shi ne garin da muke gani. Gyambunan kuwa aikin farce ne da kanwa. Ya ce ba ya yaɗuwa, ko ƙwarya ɗaya, ko mataji ɗaya, ko filo ɗaya.

Ni dai ban gamsu ba. Na ce, "To likita, a cikinsu wanne ne ya kawo shi?"

"Duka."

"Jar dawar fa?"

"Ta ci dawarta. Rashin abin haɗawa ne matsalar."

"Ni ma kaina na ƙaiƙayi."

Ya leƙa kaina. "Naki ba komai. Tsoro ne."

Ya rubuta mana man shafawa na gyambo da ƙwayoyi saboda ƙullutun. Ya ce a bar kan a tsefe, kar a yi kitso mai ɗauri. Wanki sau ɗaya a mako ya isa, da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabuni mai laushi, a ɗauraye sosai. In gyambo ya warke a riƙa murza man kaɗanya a fatar, ba a gashin ba. A yanke mata farce. Ta sha ruwa da yawa, ta ci gujiya, ganye, ɗan mai, nono in an samu.

Na gode masa har zuciyata, kuma har gobe ina masa addu'a. Amma da muka fito sai da na yi ƙorafi. Nono in an samu, a wannan shekara? Man gyambon ma sai da maigidana ya zagaya farmasi, wato kantin magani, har uku kafin ya same shi, kuɗinsa kuma ya haɗiye cefanen mako. Kuma me zai hana ma'aikacin farko ya ce mana ba kuturta ba ce, mu yi barcin kwanakin nan?

Sauƙin ma bai zo a miƙe ba. Gyambunan suka bushe, ƙullutun ya sace. Hajiya Haisa ta ba mu curin man kaɗanya da aka kawo mata daga Gaya. Amma da na fara shafawa sai ɓawon ya riƙa tashi manya-manya, ya fi da yawa a ido. Gwaggo Talatu ta zo ta gani ta ce, "Ai ga shi nan. Man nan abincin amosani ne, kiwonsa kike yi. Aske kan za a yi." Kuma ni na san akwai gaskiya a maganarta, don amosani mai maiƙon nan in ka ƙara masa mai haukacewa yake. Na tsaya da man a hannu, ban san ko in shafa ko in ajiye ba. Komawa asibiti wani dogon layi ne da wani kuɗin taksi.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Shafa, Rabi. Igiyar ta saki."

Na ci gaba. Maigidana ya riƙa kawo ƙuli-ƙuli daga hanya, ni kuma ina yi mata kwaɗon zogale, wanda mutanen nan ke ce wa kopto. Sannu a hankali susar ta ragu. Wata rana na lura tsinken kitsona ya kwana inda na ajiye shi. Garin ya koma kaɗan, sannan sai an buɗe gashi ake ganinsa. Fatar ta dawo da launinta.

Amma ƙwaryar nan da moɗa mai tsumma suna nan a ware. Na ce, "Inna, ba kin ji likita ba?" Ta ce, "Yaro ne, tausayina ya ji." Duk yadda na yi ta ƙi ɗaukar Nana. Kan ya warke, ita ba ta yarda ba, masu ɗakuna ma ba su yarda ba.

Hajiya Haisa ce ta cika alkawarinta, ta hanyar da ban zata ba. Wata azahar, tsakar gida cike da mata, Inna na lungunta da ƙwaryar kopto, sai Hajiya ta taso ta wanke hannu, ta zauna dirshan a tabarmar, ta ce bisimilla ta zura hannu cikin ƙwaryar. Inna ta janye, Hajiya ta jawo.

"Haba tsohuwa, rowa za ki yi mani a gidana?"

Ta ci, ta ɗauki moɗar mai tsumma ta sha ta yi gyatsa. Sannan ta sunkuci Nana da ke wucewa ta dire ta a cinyar Inna, ta tashi abinta tana cewa gishiri ya yi kaɗan. Inna ta sandare, hannuwa a sama. Yarinyar ta kama wuyanta ta miƙe tsaye tana dariya. A hankali hannuwan suka sauko.

Masu kitso suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya. Wasu ba su dawo ba har yau, cikinsu har da mai rabin kitso. Kowa kuma ya ɗauki ladan warkewar. Gwaggo ta ce kanwarta ce ta kashe tushen, man ya zo ya tarar da gawa. Dattijon ya ce rubutu ba ya faɗuwa ƙasa. Hajiya ta ce man Gaya daban ne. Ni in aka tambaye ni sai in ce ban sani ba, don abubuwa da yawa muka bari lokaci ɗaya, da yawa muka fara lokaci ɗaya. Wani lokaci ina zargin barin wankin kaɗai ya yi rabin aikin. Wani lokaci in ce abincin ne. Wani lokaci in ce kukan da ta yi gaban likita.

Abin da zan iya faɗa da tabbaci kaɗan ne. In kin ga gari a kan wani, ki murza shi a yatsa kafin ki yi komai. In ya bushe ƙurmus, fari, fatar ta ɗaure, to ba datti ba ne, ƙara wanki ƙara ciwo ne. Kar ki kusance shi da kanwa ko lemu ko kananzir. In mai maiƙo ne, ko ya yi gyambo, ko gashi na karyewa a zagaye, wannan wata hanya ce daban, a nemi wanda ya sani. Ki tambayi mai kan me ya saba shafawa da ya daina, me ya saba ci da ya rasa. Kuma ki kama bakinki da sunan manyan cututtuka a gaban tsofaffi, don suna ji, kuma ba sa mantawa.

Inna ta zauna da mu har ƙarshen bazara. Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, irin wanda muka sha gani yana watsewa, ba wanda ya ko kwashe shanya. Sai iska ta juya, aka fara yayyafi, kafin mu ankara ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Mata suka yi ta guje-guje da kwanuka da bokitai. Ina cikin jan tabarmi na ɗaga kai, sai ga Inna tsaye a tsakiyar gida. Ta cire kallabi ta riƙe a hannu, furfurarta a buɗe gaban kowa, har da maigidana da ke bakin ƙofa ya rasa inda zai sa idonsa. Ruwa na dukan kanta yana gangarowa ta fuska.

Na ƙwala mata kira. "Inna! Shekaranjiya aka wanke! Likita ya ce sau ɗaya a mako!"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"To tahi ki gaya mashi ya zo ya tsai da shi," in ji ta. "Ke kuma ki ce ma mijinki ya nemo mani iri. Gida za ni."